Windows 11 da Kwamfutocin Gwanjo: A Faɗa wa Mai Saye Gaskiya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da takardunsa da hotunansa yadda ya bar su. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da kamfanin ke aikowa duk wata, wanda ke toshe ɓarakar da masu kutse suka gano. Daga ranar nan duk kafar da aka gano a Windows 10 haka za ta zauna a buɗe, sai dai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi da zan zo kansa. Shawarar kamfanin ba ta da tsawo: ka koma Windows 11, in kwamfutarka ta kasa ɗauka ka sayi sabuwa.

Sayen sabuwa magana ce mai sauƙi a ofisoshin Turai da Amurka, inda ake kwashe kwamfutocin ma'aikata duk bayan shekara uku ko huɗu a kawo wasu. Mu kuwa waɗanda aka kwashe ɗin nan su muke saye. Duk wanda ya taɓa zagaya Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san kayan da ke kan kanta: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, duk 'yan gwanjo, wasu har da tabon lambar kamfanin da ya yi amfani da su a can. Kuma kaya ne masu nagarta. EliteBook 840 G3 da aka sa wa SSD da ram mai giga 8 tana buɗe Word da Excel da burauza ba tare da wani nishi ba. Da irinta ɗalibi ke rubuta furojet, da ita malami ke haɗa sakamakon jarrabawa, da ita mai shagon buga takardu ke ciyar da iyali. A takardar Microsoft kuwa wannan kwamfuta ba ta cancanci Windows 11 ba.

Sharuɗɗan da aka gindaya tun fitowar Windows 11 a Oktoban 2021 ba su da yawa. Ram giga 4, ma'adana giga 64, waɗannan kusan kowa ya haye. Sai tsarin kunnawa na UEFI mai iya Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar ɓarna tashi tare da kwamfuta, sai wani ɗan ma'ajin sirri da ake kira TPM, wanda dole ya zama samfurin 2.0. Shi TPM aikinsa adana makullan ɓoye bayanai a wurin da manhajar ɓarna ba ta iya kaiwa cikin sauƙi. Mutane da yawa kwamfutarsu tana da shi, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, inda kamfanin Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi aikin minti kaɗan ne, kuma akwai waɗanda aka ce wa tasu ba ta dace ba alhali matsalar ke nan kaɗai. Sharaɗin da ya yi ɓarna shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. In Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama. In AMD ce, sai Ryzen 2000 zuwa sama. Zubi na takwas ya fara fitowa ne a ƙarshen 2017, ma'ana kwamfutar da aka saya sabuwa dal a 2017 da zubi na bakwai a cikinta an rufe mata ƙofa tana da shekara huɗu a duniya. Ita 840 G3 da na ambata zubi na shida ce. ThinkPad T460 da T470 duk suna waje, T480 mai zubi na takwas ce ta shiga.

Ba zan ce kamfanin ba shi da hujja ko kaɗan ba, domin maganar tsaro ba tatsuniya ba ce. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki, ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, facin da ke toshe kafar da ta bi ya fito tun watan Maris. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Saboda haka duk mai cewa “ni dai tawa tana aiki, me zan yi da sabuntawa” yana magana ne a kan abin da idonsa ke gani kawai. Wanda ke shiga asusun bankinsa ta kwamfuta, ko ya ajiye hoton katin shaidarsa da takardun fili a ciki, bai kamata ya ɗauki zancen da wasa ba. Haka kuma ba a tsammanin kamfani ya yi ta renon manhaja har abada. Windows XP an sallame ta a 2014, Windows 7 a farkon 2020, ita kuma Windows 10 ta haura shekara goma tun fitowarta a Yulin 2015.

Inda na rabu da su shi ne wurin da aka ja layin. Can baya, in an sallami tsohuwar Windows, yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna iya hawa ta gaba. Wanda ke kan Windows 7 ya koma 10 kyauta da kwamfutarsa guda. Wannan karon ne aka ce ƙarfen kansa ya tsufa. Kamfanin ya ce gwajinsa ya nuna kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba sun fi saurin tsayawa cak da kashi 52 cikin ɗari. To amma a shekarar 2021 ɗin, da aka yi ta ƙorafi, sai ya ɗan buɗe ƙofa ga wasu 'yan tsirarun furosesa na zubi na bakwai, ciki har da i7-7820HQ, wadda ita ce ke cikin Surface Studio 2, kwamfutar da shi Microsoft ɗin ke sayarwa da kansa. Mai karatu ya yi wa wannan fassarar da ya ga dama. Ga kuma waɗanda ba su manta ba cewa a 2015 wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya faɗa a taron kamfanin na Ignite cewa Windows 10 ce Windows ta ƙarshe.

Duk da haka ba Microsoft ne ya fi damuna a wannan rubutu ba. Yana can hedikwatarsa a Redmond ta Amurka, ba ya jin Hausa. Abin da ya fi damuna yana faruwa ne a kasuwanninmu.

Akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna Rufus da ake haɗa filashin ɗora Windows da ita. A cikinta akwai wurin da in ka danna za ta cire binciken TPM da Secure Boot da ram gaba ɗaya. Ba laifin Rufus ba ne, kayan aiki ce mai kyau, kuma wanda ya san abin da yake yi yana da 'yancin yin hakan a kwamfutarsa. Amma yanzu kusan duk yaron shago ya iya. Sai a ɗauko kwamfuta zubi na huɗu ko na shida, a ɗora mata Windows 11 ta bayan gida, a ajiye a kanta. Mai saye ya zo, a kunna masa, ya ga maɓallin farawa a tsakiyar allo da shuɗin furen nan, a ce masa, “Alhaji, wannan ai sabuwar Windows ce a kai, ka huta.” Ya ƙara kuɗi ya ɗauka yana murna.

Ga abin da ba a faɗa masa ba. Windows 11 ba abu ɗaya ba ce, duk shekara ana fitar da sabon zubi, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake yi ana aiko masa da faci. Zubin 22H2 wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2024, 23H2 kuma a Nuwamban 2025. Kwamfutar da ta cika sharaɗi da kanta take hawa zubi na gaba. Wadda aka shigar ta bayan gida kuwa yawanci ba a miƙo mata, sai an sake yi mata dabara da hannu. Kamfanin ma ya rubuta ƙarara cewa bai yi alkawarin aiko wa irin waɗannan sabuntawa ba. Sakamakon shi ne akwai mutanen da ke zaune da Windows 11 a allo, hankali kwance, alhali an daina toshe musu ɓaraka tun kafin a daina toshe wa mai Windows 10. An gudu ba a tsira ba, kuma wanda abin ya shafa bai ma san ana gudun ba. Mai Windows 10 aƙalla ya ga gargaɗi ya cika masa allo. Wannan kuwa gida ne da maigadi ya ajiye aiki amma ya bar fitilarsa a kunne a bakin ƙofa.

Sannan dabarar tana da iyaka. Zubin 24H2 ya zo da buƙatar wasu umarnai a cikin furosesa, SSE4.2 da POPCNT, waɗanda tsofaffi irin su Core 2 Duo ba su da su. A kansu ko tashi ba ya yi, kuma babu Rufus ɗin da zai gyara wannan. Babu wanda zai iya ba ka tabbacin cewa zubin gaba ba zai ƙara wani sharaɗin makamancin haka ba.

Ko wanda kwamfutarsa ta cika sharaɗi bai kamata ya danna maɓallin hawa ido rufe ba, domin kwamfuta ba ita kaɗai take aiki ba. Tana da firinta, tana da sikana, wani yana da na'urar ɗaukar zanen yatsa, wani tsohon modem. Kowace na'ura sai da direbanta, wato 'yar manhajar da ke yi mata tafinta da Windows, kuma kamfanin da ya ƙera na'urar shi ke rubuta shi. In ya daina, shi ke nan. Windows 10 tana da samfurin bit 32, Windows 11 ba ta da shi sam. Manhajojin bit 32 na yau da kullum suna aiki a kanta, amma direban bit 32 ba ya aiki, haka tsofaffin manhajojin bit 16 na zamanin DOS, irin waɗanda wasu ke riƙe da lissafin shago a cikinsu tun fil azal. Akwai kuma wani tsaro da ke hana tsofaffin direbobi loduwa ko da na bit 64 ne. Mai shagon buga takardu da firintarsa ta daina magana da kwamfuta ranar Litinin da safe, ga masu jiran a buga musu takardar neman aiki, ba ruwansa da kyawun sabon allo. Internet Explorer ma an cire shi, kuma wasu tsofaffin na'urorin kyamarar tsaro ta cikinsa kaɗai ake duba su, sai an koma wani saiti na musamman a burauzar Edge. WordPad ya tafi a 24H2. Office 2016 da 2019 kuwa rana ɗaya aka sallame su da Windows 10, abin da mutane kaɗan suka lura da shi.

Akwai wata matsala da ta shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Kafin Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke ganewa, ya wadata, ana buga haruffa masu ƙugiya ne da wasu fon na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Yadda irin waɗannan fon ke aiki shi ne a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba a zana ƙ da ɗ da ɓ a wurin. Muddin fon ɗin na cikin kwamfuta, rubutu zai fito tsaf. Ranar da injiniya ya yi fomatin ya ɗora sabuwar Windows bai kwafe jakar fon ba, sai marubuci ya buɗe littafinsa ya ga baka-biyu da sanduna sun maye gurbin duk harafi mai ƙugiya. Rubutun bai lalace ba, in an dawo da fon ɗin zai dawo. Amma wanda bai san dalili ba zai zauna yana gyara shafi ɗari uku da hannu. Duk mai tsofaffin rubuce-rubuce irin haka ya kwafe fon ɗinsa a filashi kafin a taɓa masa kwamfuta, in ya samu sarari kuma ya mayar da su Unicode ya huta.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta makulli. Windows 11 tana matsa wa mutum ya shiga da asusun Microsoft tun wurin saitin farko, kuma daga 24H2 in an ɗora ta sabuwa kan kwamfutar da ta dace, tana kulle ma'adana da BitLocker, manhajar ɓoye bayanai ta Windows, da kanta, ta ajiye makullin buɗewa mai lamba 48 a asusun da aka shiga da shi. A ƙasar da kowa ke saita kwamfutarsa da hannunsa wannan kariya ce mai kyau, ɓarawo ya sace kwamfuta bai samu komai ba. A wurinmu fa? Wa ke saitawa? Yaron shago ne, da imel ɗinsa, ko da wani imel da ya ƙirƙira nan take ya manta kalmar sirrinsa kafin la'asar. Bayan wata shida a canza wani abu a BIOS ko a gyara allon uwa, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, sai shuɗin allo ya fito yana neman lamba 48. Mai kwamfuta bai taɓa jin labarinta ba, yaron kuma ya bar kasuwar. Ba injiniyan da zai buɗe wannan, don an yi shi ne domin kada ya buɗu. Duk wanda aka saita wa kwamfuta ya tsaya a kai a yi da asusunsa, ya rubuta lambar nan a takarda ya adana.

Ban ma yi maganar data da wuta ba. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, ban da abin da zai biyo baya, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. In kuma batirin kwamfutar ya mutu, kamar yadda na 'yan gwanjo da yawa yake, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai addu'a. Wanda ya hau ya ga abin bai yi masa ba yana da kwana 10 ya koma Windows 10 ta cikin saiti, bayan nan sai fomatin.

Shirin ƙarin wa'adin da na ambata, ESU, an sanar a 2025 cewa zai ba kwamfutar gida facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Sai ka kasance kan zubin 22H2 na Windows 10, mai lasisi na gaskiya, da asusun Microsoft. Ana shiga ta hanya uku, ko ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka yarda a riƙa ajiye saitin kwamfutarka a rumbun kamfanin, wannan kyauta ne. Dala 30 a canjin 2025 ta kai wajen naira dubu 45, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. Hanyar kyautar ita ce tamu, kuma ina ganin ga mai zubi na shida ko na bakwai ta fi Windows 11 ta bayan gida hankali nesa ba kusa ba. Game da lasisi, kwamfutocin ofis da aka ƙera tun zamanin Windows 8 galibi makullin lasisinsu na cikin allon uwa, amma sai ka ga an bi an ɗora musu na sata saboda gaggawa ko rashin sani. Abin lura a nan, a yankin tattalin arzikin Turai an cire sharaɗin ajiye saitin, bayan ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers ta matsa lamba. Su sun yi magana an saurare su. Mu da tsofaffin kwamfutocin ke ƙarewa a hannunmu, mu ne ya fi kamata mu yi wannan maganar, kuma aikin hukumomi irin su FCCPC mai kare masu saye da NITDA mai kula da fasahar zamani ne.

Domin kayan suna tafe. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Ba duka za a narka a can ba. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan dubu 60 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Wannan kafin a yi dalilin da zai sa ofisoshi su zubar da lafiyayyun kwamfutoci ke nan. Ni ban ce a hana shigo da su ba. Kwamfuta mai arha alheri ce ga ɗalibin da ba zai taɓa iya sayen sabuwa ba. Farashinta dai ya nuna gaskiyar halinta.

Za a ce a koma Linux, wato wata manhaja da ke iya maye gurbin Windows. Ina cikin masu cewa haka, amma da sharaɗi. Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya lafiya lau a kan zubi na huɗu ma, kyauta ne, facin tsaro na zuwa, LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan dubu 30 kan wannan hanya. Ga wanda aikinsa burauza ne da rubutu da kallo, ya wadatar. Amma mai zanen katin biki da kalanda da CorelDRAW ba zai same ta a can ba, haka mai Photoshop, kuma takardar da aka ƙawata sosai a Word takan ɗan karkace. Birnin Munich ma ya shafe shekaru a kan Linux, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Babbar matsalarmu ita ce masu gyara. In Linux ta ba ka matsala ka kai shago, abu na farko da za a ce maka shi ne a yi fomatin a mayar da Windows. Kwalejojin kimiyya da cibiyoyin koyar da kwamfuta da suka cika unguwanni za su iya canza wannan cikin shekara biyu in sun sa kansu.

Abin da nake nema daga 'yan kasuwa ƙarami ne, kuma addini ma ya riga doka faɗarsa: ba a ɓoye aibin haja. Ƙungiyoyin kasuwar kwamfuta suna da shugabanni, suna yanke tara a kan abin da bai kai wannan ba. Su wajabta a rubuta a rasit zubin furosesa, da ko Windows ɗin da ke kai ta cika sharaɗi ko ta bayan gida ce, da asusun da aka yi saiti da shi. Mai gaskiya ba zai yi asara ba, don akwai masu neman zubi na shida da saninsu saboda arha.

Kafin a kai ga haka, mai saye ya duba da kansa tun yana gaban kanta. Ya shiga saiti ya karanta sunan furosesa. In Intel ce, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi: i5-6300U na shida ne, i5-7200U na bakwai, i5-8250U na takwas, in kuma lambobin sun fara da 10 ko 11 ko 12 to ya wuce wurin. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta nufin komai, i7 na zubi na huɗu yana waje, i3 na zubi na takwas yana ciki. Sannan ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta winver, ya ga wane zubin Windows 11 aka ɗora. In ya ga 22H2 ko 23H2, ya tambayi mai shago dalili, kuma a rage masa kuɗi.